Inda Na Ce Ki Sa Taya

—kuma kada ki ɗauka haƙuri nake zuwa ba ki. Haƙurin me? Uba ya faɗa wa 'yarsa gaskiya, shi ke nan sai ya zama mai laifi? Zuwa nake yi don kin ce in zo. Kin rubuto, Baba jibi za mu tashi, idan kana da hali ka zo mu yi sallama. Idan ina da hali... Ni ake ce wa idan ina da hali. Wata goma sha ɗaya rabon da in sa ki a idona, sai murya a waya, ita ma ba ta kai minti ɗaya. Baba ina kwana, ya jiki, ya Mama, to sai anjima. Kamar mai karanta takardar magani.

Jibi. An yi wa mijinki canjin wurin aiki, can inda sai an hau jirgi an sauka an sake hawa wani. Shekara uku ne kawai, in ji shi. Kawai! Shekara uku a bakin ɗan shekara talatin ba komai ba ce. Ni da likita ya hana gishiri, ya hana mai, ya ce in rage fushi — shekara uku a wurina mece ce? Idan yau ba mu gyara ba, ban san ranar da za mu gyara ba. Shi ya sa na fito. Ba don wani abu ba.

Wannan motar kuma... Maƙwabcinmu mai shagon magani ne ya ba ni aro, Allah ya saka masa, amma don Allah wannan mota ce ko akwatin ashana? Gwiwata tana dukan sitiyari, kaina yana shafar rufi, zaune nake kamar wanda aka ajiye a kan tabarma ana ja. Ga wata tirela tana wuce ni, tayarta a saitin kunnena. Shekara talatin da huɗu ina can sama a kujerar direban tirela ina kallon rufin irin waɗannan 'yan motocin, ban taɓa sanin haka muke da girma daga nan ƙasa ba. Ban taɓa tuƙa ƙaramar mota a kan wannan hanyar ba, kin san haka? Ko sau ɗaya. In ina gida mashin ɗina nake hawa, in tafiya ta kama ni in shiga bas in ɗora hula a fuska. Yau ma bas zan shiga, mamanki ce ta tara kaya kamar mai tashin gari — bargo, kuloli biyu, kwanukan nan naki na makaranta da ta adana, har da madubin ɗakinki. Na ce mata jirgi za su hau fa, ba tirela ba. Ta ce kai dai kai mata, in ta ga dama ta bar su.

Ita ba ta iya zuwa ba, ciwon gwiwa. Ta tsaya a ƙofar gida ta dafa bango ta ce, Malam, ka tafi a hankali. Ni! Ni ake ce wa in tafi a hankali. Mutumin da kamfani ya ba agogon bango da takardar yabo, shekara talatin da huɗu ko kaza bai taɓa takewa ba. Na ce mata ki koma ciki kafin ki koya mini saka wando. Ta yi dariya, amma ba irin dariyarta ba. Ta ƙara da cewa, kuma ka riƙe bakinka in ka je. Shi ne abin da ya ɓata mini rai tun daga gida.

Ga shi nan. Sawun. Tun daga nan nake hango shi, layi biyu da suka lotsa a cikin kwalta, sun miƙe har inda ido ya ƙare, baƙi wuluk sun fi sauran titin sheƙi. Layin manyan motoci. Layinmu. Tudu a tsakiya, kwari a kowane gefe, daidai faɗin tayoyin tirela... Sannu, tsohon aboki. Ka ƙara zurfi.

Baba, wa ya haƙa hanya a cikin hanya?

Shekararki shida. Hutun makaranta ne, mamanki tana asibiti da ƙaninki a ciki, ba wanda za a bar wa ke, na ɗauke ki a gaban mota. Matashin kai biyu na sa miki kafin ki iya hango waje. Giya-Biyar. Ni na sa miki sunan, giyar gudu a mota, don ba ki iya tafiya ba sai gudu, daga ɗaki zuwa tsakar gida ma sai kin tashi da ƙura. Duk gareji da sunan suka san ki, bakanike, mai faci, mai shayi — ina Giya-Biyar yau? Kika manna goshi a gilashi kina kallon ƙasa, kika yi tambayar. Na ce mu muka haƙa. Kika ce da me? Na ce da nauyi. Kowa ya wuce sai ya danna kaɗan, kowa ya wuce sai ya danna kaɗan, rana ta tausasa kwalta, mu kuma mu taka. Sai na ce tsaya ki ga abin mamaki. Na saki sitiyari. Hannu biyu na ɗaga sama. Tirela ɗauke da siminti ta ci gaba da tafiya sak, ko gezau, sawun ya riƙe ta. Kika yi ihu, kika tafa, kika ce Baba sake, Baba sake! Na sake. Sau nawa na sake ranar nan? Har yanzu in na rufe ido ina jin ƙarar tafin nan, 'yan hannuwa masu maiƙon biskit.

Ina kewarki. To, na faɗa. Ba kowa a motar nan sai kuloli, su kuma ba sa kai rahoto. Ina kewarki har abinci ba ya yi mini daɗi. In waya ta yi ƙara da safe sai na bari ta yi sau uku kafin in ɗauka, kada ki ce zaman jiranki nake yi. Alhali tun bayan asuba take a aljihun gaban rigata.

Hadari ke haɗuwa can gaba. Ba komai. Ruwa nawa na ratsa a kan titin nan? Ruwan da waifa ba ta iya share shi, ruwan da fitilar mota ba ta huda shi. Direban ƙwarai ba ya tsoron ruwa.

Kilomita sittin da wani abu. In Allah ya so kafin la'asar ta yi sanyi ina ƙofar gidanku. Me zan ce in kin buɗe? Na shirya. Tun jiya nake shiryawa. Zan ce, abin da ya wuce ya wuce, na yafe miki. Shi ke nan. Ba dogon bayani. Ke kuma ki ce na gode Baba, ki kawo mini ruwa, ki zauna a hannun kujera kusa da ni yadda kika saba, ki cire mini hula ki ce furfurar nan ta ƙaru... Za ki iya zama a hannun kujera yanzu? Da ƙarfen nan a ƙugu? An ce kin ajiye sanda. An ce. Daga bakin mamanki nake jin labarin ƙafar 'yata.

Ina da Baba zan je wata makarantar koyon mota?

Haka kika ce wa mijinki, a gabana, ranar da kika kawo farar motar nan taki gida. Da albashinki na ɗakin gwajin jini kika saye ta, naki na kanki. Ya ce akwai makaranta kusa da ku, suna da malamai masu takarda. Kika ce takarda ta fi shekara talatin da huɗu? Wallahi ranar nan rigata ta yi mini kaɗan. Na rasa inda zan sa kaina don daɗi, sai na hau duba mai da ruwan mota, ina tsaki wai an saka miki taya mai araha.

Filin bayan makarantar firamare. Duwatsu huɗu na jera miki, na ce shiga tsakaninsu da baya. Kika take uku. Na ce Giya-Biyar, wannan ai kin kashe mutum uku kin bar ɗaya ya ba da labari. Kika kifa kai a sitiyari kina dariya har hon ya yi ƙara, awaki suka watse. Sati uku muna zuwa filin nan. Kuloci, giya, madubi, madubi, madubi — na ce miki direban da ba ya duba madubi makaho ne mai lasin. Kina da hannu. Na faɗa wa kowa a gareji, na ce yarinyar nan jini ne, ba koyo ba.

Sannan na fito da ke nan. Wannan titin. Ni a kujerar gefe, hannuna a kan cinya, ina ji kamar malamin jami'a. Motar ta fara 'yar rawa, kika ce Baba tana ja na. Na ce ba ja take yi ba, kira take yi. Shiga sawu ki zauna. Hanya ta san inda za ta. Kada ki yi kokawa da ita, kada ki bi masu tsalle daga layi zuwa layi, su ne muke tsinta a cikin daji. In ruwa ya sauko kuma, kin daina ganin farin layi — sawun nan shi ne idonki. Ki sa taya a ciki ki riƙe, zai kai ki gida. Haka maigidana ya koya mini, haka na yi shekara talatin da huɗu. Kika ce to Baba. Kika maimaita ma, kamar karatu. In ruwa ya sauko, sawu ne idona.

Ranar rana ake yi, kwalta a bushe ƙayau.

Ga ɗigon farko a gilashi. Ina abin waifar nan yake? A tirela yana nan hannun... a'a, wannan sigina ce. Mai shagon magani, kai ma da ka ba ni mota sai ka ba ni da littafinta. Yawwa. Ga ta. Tana ƙiiƙ-ƙiiƙ kamar ƙofar banɗaki.

Dubi wannan na gabana. Jar mota, 'yar ƙarama irin tawa. Dubi yadda yake tafiya a karkace, ya ƙi shiga sawu, ya ɗora taya ɗaya a kan tudun tsakiya ɗaya a can gefe kusa da farin layi, ga shi yana tafiya kamar mai rakiyar amarya. Waye ya ba ka lasin, bawan Allah? Hanya ta shimfiɗa maka wuri ka ce kai gefen gado za ka kwana. Irinsu ne... Bari in wuce shi. A'a, bar shi ya yi nisa, ni ba na gaggawa.

Ina gaggawa. Ƙarya nake yi.

Asibitin. Ba na son tuna shi amma ba ya neman izini. Wari irin na maganin wanke ƙasa, fanka tana juyawa ba ta ba da iska. Asibitin da kike aiki ne ma, abokan aikinki cike da ɗakin, fararen riguna. An ce bayan ruwan yamma ne, kusa da gadar nan kafin sikelin awon manyan motoci. Motar ta juya sau biyu ta bugi ƙarfen gefen titi ta kife. Ƙugu, cinya, haƙarƙari uku. Na shigo na ga fuskarki a kumbure, leɓe a fashe, ido ɗaya ne kawai a buɗe. Ina so in faɗi a kan gadon in rungume ki. Abin da nake so ke nan, Allah shi ne shaida. Amma sai bakina ya buɗe da wani abu daban.

Kin bi sawun kuwa?

Mijinki yana tsaye a kan ki, ya buɗe baki, Baba ai abin da ya faru shi ne... Kika riƙe masa hannun riga. Da hannun da aka sa wa ƙarin ruwa kika riƙe shi. Kika dube ni da idon nan ɗaya.

A'a Baba. Gudu nake yi. Na fita daga ciki.

Sai kaina ya ɗau zafi. Tsoro ne, yanzu na sani tsoro ne, amma da fushi ya fito. Ni na koya miki haka? Ni? Sati uku ina ƙona kaina a rana! Me na ce miki? Me na ce miki game da ruwa? Kin ɗauki sunana kin jefa a kwata, gobe in shiga gareji a ce 'yar wane ce ta kife da mota. Na ce — har wannan na ce — na ce gara da makarantar kika je, da yanzu ba ni za a zaga ba. A gaban mijinki. A gaban masu fararen riguna. Mamanki tana ja mini riga tana Malam, Malam, ya isa. Ke kuma kika juya fuska wajen bango a hankali, don wuyan ma ciwo yake yi.

To na yi zafi. Na yarda na yi zafi. Amma ƙarya na yi? Wanda ya yi gudu a cikin ruwa ai dole a faɗa masa. Ko don gaba. In uba bai faɗa ba wa zai faɗa? Mijin naki, da ba ya iya ɗaga murya ko ƙuda ya kora? Mutumin kirki ne, ban ce ba. Ya zo gida bayan sati biyu da wata takarda a ambulan, wai rahoton jami'an kiyaye haɗurra. Ya ce Baba da za ka duba. Na ce in duba me? Yaran da aka haifa ina kan hanya su ne za su rubuta mini yadda ake haɗari? Ya mayar da ita aljihu. Ya sha ruwa ya tafi.

Ruwan ya kece. Kai! Kamar da bokiti. Jar motar ta ɓace, sai 'yan fitilunta biyu can nesa. Farin layi ya tafi... ba na ganinsa. To. Ga inda ake gane direba. Sawun nan ga shi, layi biyu suna ƙyalli, ruwa ya kwanta a ciki. Shiga. Yawwa. Nawa nake? Tamanin. Tamanin ba gudu ba ne, da lodi ma ina yin tamanin a nan. Ki duba, Giya-Biyar, da kina kujerar nan da kin ga yadda ake yi. Hannu a sake, kafaɗa a sake, ka bar hanya ta—

Me ya sa take jingina? Tayar wannan gefen tana ciki, ɗayar tana kan gangare... motar ba ta kai faɗin sawun ba. Ba ta cika shi ba. Matsa kaɗan. A'a, yanzu ɗayar ce ta faɗa. Ƙarar ruwa a ƙarƙashina kamar ana watsa tsakuwa a kwano, sai kuma — shiru.

Sitiyarin ba nauyi.

Ba komai a hannuna. Ina juyawa, ba ta ji. Ba ƙasa a ƙarƙashin motar nan, ba ƙasa, kan ruwa nake — birki, a'a kada ka taka, kada ka taka, tsoho kada ka — bayan yana zuwa gaba, bishiyoyi suna wucewa ta inda bai kamata ba, fitilar tirela, hon, hon, innalillahi, innalillahi—

Tsakuwa.

Tsaye nake. Tsaye nake? Injin ya mutu. Waifa tana ta ƙiiƙ-ƙiiƙ ita kaɗai. Gaban motar yana kallon daji, ƙarfen gefen titi ga shi nan, taku ɗaya. Taku ɗaya tak. Wani abu mai ɗumi yana zuba a bayan kujera, kula ce ta kife, ƙamshin girkin mamanki ya cika motar.

Tirelar ta wuce, ta watsa mini ruwa har rufi. Direban bai tsaya ba. Ina zai tsaya, wataƙila bai ma san na juya ba, daga can sama me ake gani? Rufin wata 'yar mota ya karkace, shi ke nan. Sau nawa na ga haka a madubi na ce masu ƙananan motocin nan ba su iya tuƙi ba?

Tamanin nake.

Na duba da idona. Allurar tana kan tamanin. Ban yi gudu ba. Ban fita daga ciki ba. Ina ciki, tsakiyar ciki, daidai inda na... daidai inda na ce...

A'a.

A'a, tsaya. Tayoyin mai shagon magani ne, sun suɗe. Bari ruwa ya tsagaita in duba. Ai na duba su da safe, ni da kaina na sa yatsa a cikin zanen, sababbi ne, har na yaba masa. To iska ce. Wace iska? Tirela tana da taya goma sha takwas da nauyin da zai matse ruwan ya fice ta gefe, ta taka ƙasa ko ruwa ya so ko ya ƙi. Wannan fa? Wannan da mutum huɗu za su iya ɗaga bayanta? Ruwan da ya taru a kwarin nan ya kai tsawon yatsa. Ta hau kansa ne kawai. Ta hau kamar faranti a baho. Mai jar motar nan ya sani. Shi ya sa ya ƙi shiga, shi ya sa yake rarrafe. Ni nake zaginsa.

Farar motarki ma ba ta kai wannan nauyi ba.

In ruwa ya sauko, sawu ne idona.

Kin bi. Wayyo Allah, kin bi. Ruwa ya sauko, farin layi ya ɓace, kika tuna muryar babanki, kika sa taya inda ya ce ki sa. Ke da ba ki taɓa tsallake maganata ba ko a kan gishirin miya. Ta yaya ma na yarda kin yi gudu? Yarinyar da ke duba madubi sau uku kafin ta fita daga ƙofar gida? Na yarda ne don ya fi mini sauƙi. Kina kwance da ƙashi a karye, ido ɗaya a buɗe, kika dube ni kika auna — in na gaya wa tsohon nan gaskiya, me zai rage masa? Agogon bango? Sai kika ɗauka kika ɗora wa kanki. Ni kuma na tsaya a kanki ina ihu a kan sunana.

Ba fushi kike yi ba ashe... ko kina yi? Ki yi mana. Don Allah ki yi. Minti ɗaya a waya — ba don ba ki da abin faɗa ba ne, don kada ya kuɓuce miki ne. Wata goma sha ɗaya kina riƙe da shi a baki. Mijinki ya sani. Mamanki fa? Ka riƙe bakinka in ka je... ta sani. Duk gidan sun sani, suna zagaye ni kamar ramin da ke tsakar hanya, ni kuma ina zaune a kujera ina jiran a zo a ba ni haƙuri. Har na shirya yafiya. Na yafe miki! Da bakin nan zan je in faɗa.

Ga wata tirela. Ga wata kuma a bayanta, tanka. Ƙasa tana girgiza har cikin haƙorana. Kowace ta wuce sai ta danna kaɗan. Sau nawa na bi ta kan gadar nan? Sati-sati, zuwa da dawowa, shekara talatin da huɗu. Tan arba'in a takarda, hamsin da wani abu a kan taya, mu jira mai sikeli ya tafi cin abinci mu wuce muna dariya. Kwarin da ya ɗauke ki, akwai nawa nauyin a ciki. Ba duka ba, na sani, mu dubu ne. Amma akwai nawa. Na haƙa, sannan na kamo hannunki na nuna miki.

Wa kuma na koya wa? Ɗan ƙanwata mai tasi. Matar bakanike. Malamin nan na makarantarku da ya tsayar da ni a masallaci ya ce Baba direba a ba mu sirrin hanya. Duk na faɗa musu, da ƙirji a buɗe. Suna nan suna yawo da maganata a ka, suna jiran ruwa.

Numfashi. Yi numfashi, tsoho. Likita ya ce in ƙirji ya ɗaure a zauna a ƙirga goma. Ɗaya... biyu... Ba ƙirjin ba ne. Kuka ne. Rabona da shi tun rasuwar mahaifiyata, ashe bai manta hanya ba.

In juya gida? In ce ruwa ne ya hana ni, mota ta lalace. Za ki ce ba komai Baba, Allah ya tsare. Ki hau jirgi da abinki a baki, shekara uku, ni in zauna da nawa. Kowa ya ci gaba da lallaɓa kowa. Zai fi sauƙi. A'a. Ba zan iya ba. Ina so in ga yadda kike tafiya yanzu, ko da ɗingishi ne, ina so in gani da idona, ni na jawo. Ina so in ce... me zan ce? Wanda na shirya ya mutu. Ban taɓa ba wani cikin 'ya'yana haƙuri ba, ban san ta inda ake farawa ba. A tsaye ake yi? A zaune? In na fara kika ce Baba bari, ba komai — kuma za ki ce, na san ki — in yi shiru ke nan? In na yi shiru kin sake ɗauke mini kayan.

Murɗa makulli. Ta tashi. Gilashi ya yi hazo, goge da hannun riga. Baya kaɗan... tsakuwa tana ƙara... yawwa, gabana ya dawo hanya. Kilomita arba'in suka rage, gadar tana cikinsu. Ruwan bai da niyyar tsayawa.

Sigina. Madubi. Wata tirela, bari ta wuce. Wata. Ga sarari, babu kowa har can baya, fita mana. Fita.

Ƙafata tana kan kuloci, ta ƙi ɗagawa. Titin ne a gabana, wanda na fi sanin sa fiye da tsakar gidana, layi biyu cike da ruwa, tudu a tsakiya, gefe duk santsi... Ina kallo. Ina ta kallo.

'Yata, a ina ake sa tayar?